Albasar Abarshi

Kwana biyar likita ya ce mu jira sakamako.
Na ce, Baba, tun da jira ya zaunar da kai a Yamai,
bari baki ya yi yawon da ƙafa ba ta yi ba.
Ya ce, kuɗinki ne, ni nawa ciki.

Daren farko, Filato, wurin wata ƴar Sanigal
mai ɗankwali kamar rumbu.
Ta kawo yasa, kaza ta nutse cikin albasa da lemun tsami.
Bai taɓa naman ba tukuna.
Ya ɗago zare ɗaya da yatsu biyu, ya kai kusa da fitila,
ya shinshina, ya tauna da haƙoran gaba.
Ta Galmi ce, in ji shi,
amma an cire ta da wuri.
Mai gonar nan bashi ke bin sa.

Washegari Yantala, teburin roba a bakin kwalta,
aceke mai ɗan tsami, kifi ya sha gawayi har ya yi baƙi a wutsiya.
Yaron Abijan na yanka albasa a tafin hannu
idonsa na kan ƙwallo a talabijin.
Baba ya ce, a hankali, ɗana,
wata huɗu wani ya yi yana tashi da asuba saboda ita.
Yaron bai jin Hausa.
Ya yi dariya, ya ƙara masa barkono.

Gidan ƴan Labanan sanyi ya hana shi cire rawani.
Wake aka niƙa da riɗi har ya manta shi wake ne,
gurasa siririya kamar takardar haraji.
Albasarsu fara, ƙatuwa, kyakkyawa.
Ya ture ta gefen faranti.
Wannan baƙuwa ce, ta jirgin ruwa,
ba ta taɓa sa kowa kuka ba.
Da aka kawo lissafi na rufe da hannu, amma ya gani:
jika goma sha biyu.
Buhu guda ke nan a kaka, Tsahara.
Mun cinye buhu, kuma ina jin yunwa.

Wurin ƴan Sin aka miƙa masa tsinke biyu.
Ya gwada sau uku, taliya na zillewa kamar tarwaɗa,
sai ya nemi ruwan wanke hannu.
Can ya ga kore-kore a saman miya.
Lawashi!
Ya faɗa da ƙarfi har teburin baya ya waiwayo.
Abin da uwarki ke kirɓawa ta yi gabu,
ga shi a kwanon tangaran, ana kaɗa masa kiɗa.

Dare na biyar ban ja shi nesa da aljihu ba.
Muka haye gada zuwa Harobanda,
benci, fitilar waya, Bazabarma da kwaryar dambu,
zogale, ƙuli, mai kaɗan,
albasa ɗanya a kai, shuɗiya-shuɗiya.
Kogi na tafiya a ƙasa, bai ce da mu komai ba.
Ya ci shiru, ya suɗe yatsa.
Shekara arba'in ina ɗora ta a manyan motoci, ya ce,
ina ƙirga buhu, ina faɗa da dillali.
Ban taɓa tambayar bakin wa za ta faɗa ba.
Ashe ta fi ni sanin duniya.

Da safe muna layi a asibiti, katinsa a hannuna.
Ni ina kallon ƙofa, shi yana kallon tafinsa,
inda ƙamshin jiya bai gama fita ba.
Ya taɓa ni da gwiwar hannu.
Kazar nan mai tsami, ta ranar farko,
yaya ma sunanta?
Kafin in amsa aka kira, Abarshi Galmi.